Wane gurami ne zai zauna lafiya da ƙananan kifaye a tanki ɗaya?

ɗanNima441: Salamu alaikum jama'ar gida, ina gajiya. Ina da tankin gilashi a falo, tsawonsa santimita 80, faɗi 35, tsayi 40. Ciki akwai ƙananan kifayen ado, gufi 6, niyon tetra 8, sai kori 5 masu kiwo a ƙasa, duk suna zaune lafiya ba mai taɓa wani. Yanzu ina so in ƙara wani mai ɗan jiki wanda in baƙo ya shigo idonsa zai fara sauka a kansa. Mai shagon da nake sayen abincinsu ya nuna min gurami kala-kala, akwai shuɗi, akwai ruwan gwal, akwai ƙarami ja mai ratsi, akwai wani mai ruwan hoda mai tsuke baki, ya ce min duk gurami ne duk halinsu ɗaya in ɗauki wanda ya yi min. Hankalina bai kwanta ba. Don Allah waɗanda suka taɓa riƙewa, wanne ne ba ya faɗa?

Yaro_Madina: Wa alaikumus salam. Ɗauki shuɗin yaya, shi ya fi kyau kuma ba ya mutuwa da wuri

MaiGilashi_Ashaiman: A'a ƙanena, kar ka tura shi ga wannan. Gaskiya ne shuɗin yana da juriya, ruwa ko ya ɗan ɓaci yana nan daram, amma ba juriya aka tambaya ba, hali aka tambaya. Shuɗin nan da mai ruwan gwal da wanda ake ce wa ofalin duk kifi ɗaya ne, kala kawai masu kiwo suka sauya, asalinsa shi ne mai ɗigo uku, ɗigo biyu a jiki na ukun idonsa ne. A shago za ka gan shi ɗan ƙarami kamar ba ruwansa, amma yana kai santimita 12 har 15, kuma namijin in ya balaga sai ya mallake saman tanki gaba ɗaya. Ni aikina haɗa tanki ne, ina shiga gidaje da yawa ina gani, wanda aka fi kawo min ƙararsa kenan. Gufi mai dogon wutsiya bai da inda zai tsere masa a santimita 80.

Hajiya_Mamobi: Na shaida wannan. Jikana aka kawo wa mai ruwan gwal kyauta, yana ƙarami lafiya lau, da ya girma sai muka ga sauran kifin duk sun taru a lungu ɗaya bayan filta, ko abinci aka zuba ba sa fitowa sai ya gama. Abin tausayi wallahi. Sai da muka nema masa bokiti muka ware shi kafin a samu mai karɓa.

Yaro_Madina: To ni dai nawa bai taɓa cizon kowa ba Hajiya

MaiGilashi_Ashaiman: @Yaro_Madina duba ƙayar bayansa, wato fiffiken sama. In gajere ne mai zagaye to mace ce, in dogo ne mai tsini har ya kusa taɓa wutsiya namiji ne. Mafi yawan masu cewa nasu salihi ne mace suke riƙe da ita. Kuma ko a mazan akwai mai sanyi, ban ce duka ba, amma caca ce, ni ba zan sa mutum ya yi caca da kifin da ya riga ya shaƙu da su ba.

ƊalibarLegon: Sannunku. Bari in ɗan warware maganar mai shagon nan da ya ce duk halinsu ɗaya, domin nan matsalar take. Gurami ba kifi ɗaya ba ne, dangi ne babba na ƙasashen Asiya. Akwai wanda bai wuce santimita 4 ba, akwai kuma babbansu da ke kai santimita 60 zuwa 70, wanda a Indonesiya kiwonsa ake yi a ci kamar yadda muke cin karfasa. Mai ruwan hodan da ya nuna maka, wanda suke ce wa kisin gurami, yana iya kai santimita 30, kuma haɗa bakin da suke yi mutane na cewa soyayya ce, gwajin ƙarfi ne tsakaninsu. Cire shi daga lissafi kwata-kwata.
A tankinka ni honi gurami zan ce, mai ruwan zuma. Sunansa na kimiyya Trichogaster chuna, Hamilton ne ya fara siffanta shi a 1822, asalinsa Indiya da Bangaladesh, yankin kogin Ganga da Barahmaputra, a tafkuna da kududdufai masu ciyawa inda ruwa ba ya gudu. Girmansa kamar santimita 5 ne. Ko lokacin da namiji ya ɗau zafi yana son aure, maƙogwaronsa da ƙirjinsa su yi baƙi-baƙi, iyakarsa ya kori wanda ya matso kusa da sheƙar kumfa da yake tarawa a saman ruwa ya dawo. Ka samu namiji 1 da mata 2, tankinka zai ɗauke su ba matsi.

ɗanNima441: Na gode ƙanwata, Allah ya ƙara ilimi. Amma santimita 5 ai kusan girman gufina ne, ni mai ɗan jiki nake nema. Ƙaramin jan nan mai ratsi fa? Ya fi wancan girma kuma kalarsa ta tafi da ni.

Kawu_Aboabo: Ɗana wannan dwaf gurami ne. Ina gaisuwa daga Kumasi. Na daɗe ina kiwon kifin ado tun ana haɗa tanki da ƙarfe a gefe, kuma a da dwaf kifi ne mai ƙwari, yanzu kam ba haka ba. Akwai wata cuta ta bairos da ke bin su daga gonakin da ake kiwonsu a waje, za ka sayo shi yana ƙyalli, bayan ɗan lokaci ya daina ci, kala ta dushe, ciki ya kumbura ko gyambo ya fito a jiki, sai mutuwa, kuma ba ta da magani. Na biyu, abin da ake kawowa shago kusan duk maza ne saboda su ke da kala, macen toka-toka ce ba mai saye. To mutum ya ga biyu masu kyau ya ɗauka yana zaton miji da mata ne, ashe maza biyu ya haɗa, ɗaya sai ya hana ɗaya sakat. In dole sai dwaf to guda ɗaya tak, ka tsaya a gaban tankin shagon ka kalle shi da kyau, in akwai ko ɗaya a ciki mai lafewa a ƙasa kar ka ɗauki ko wanne.

Direban_Kaneshie: Kawu gaskiya ka faɗa. Nawa haka ya yi, cin abinci ya tsaya, na sa magani iri-iri a banza. Mai sayarwa ya ce ruwana ne ba kyau alhali sauran kifin ba abin da ya same su

Anti_SabonZango: Ni mamaki nake har yanzu ba wanda ya ambaci mai lu'ulu'u. @ɗanNima441 abin da kake nema kenan fa. A shago fal gurami suke cewa, jikinsa duk ɗige-ɗige fari kamar an yayyafa, da baƙin layi daga baki ya ratsa ido ya tafi wajen wutsiya, namijin kuma ƙirjinsa ya yi ja kamar lemo. Yana kai santimita 11 zuwa 12 amma sanyin hali gare shi, tafiyarsa a hankali, waɗannan siraran zaren biyu na ƙirjinsa yana miƙa su yana taɓa abu da su, har ɗan'uwansa yana taɓawa kamar gaisuwa. Nawa suna tare da rasbora da kori, ban taɓa ganin sun bi kowa ba. In baƙi suka zo su suke fara tambaya.

MaiGilashi_Ashaiman: Anti tankinki nawa ne tsawonsa?

Anti_SabonZango: Ƙafa huɗu

MaiGilashi_Ashaiman: To kin gani. Naki santimita 120 kenan. Nasa 80 sau 35 sau 40 lita 112 ne a takarda, in ka cire yashi da duwatsu da ɗan sararin da ake bari a sama da kyar ruwan ya kai lita 95. Kuma akwai kifi 19 a ciki tun yanzu, gufi kuma haihuwa suke ba hutu. Fal yana son tsawo, ƙafa uku zuwa sama. Kamar gidan haya ne, mutum mai haƙuri ma in aka cusa shi ɗaki ɗaya da mutum goma za ka ji muryarsa.

Anti_SabonZango: Na ji, amma guda ɗaya fa? Mace ɗaya ko namiji ɗaya ni ban ga abin da zai hana ba in ya riƙa canza ruwa a kan lokaci.

Kawu_Aboabo: Ɗaya zai rayu 'yata, amma fal shi kaɗai tsoro yake yi, ya ɓuya bayan ganye, kalar da aka saye shi dominta ba za ta fito sosai ba. Sun fi sakewa in suna uku zuwa sama, su kuma uku ba su shiga wannan tanki.

Anti_SabonZango: Kawu a nan kam ban bi ka ba, maƙwabciyata ɗaya gare ta kuma har hannu yake zuwa karɓar abinci. Ganye ne sirrin, in sama a rufe take da ganye yana sakewa.

UmmuBilkisu: Ku yi haƙuri in ɗan fita daga layi, ance gurami ba ya buƙatar injin iska, gaskiya ne? Saboda unguwarmu in dumso ta taso wuta na iya tafiya tun safe

ƊalibarLegon: @UmmuBilkisu rabin gaskiya ne Anti. Suna da wani sashe a cikin kai sama da inda kifi ke numfashi, mai lanƙwashe-lanƙwashe, da shi suke haɗiyar iska daga saman ruwa, shi ya sa kike ganin suna hawa suna buɗe baki suna komawa. Tarwaɗarmu ma tana da nata irin dabarar. Don haka in wuta ta ɗauke gurami ne na ƙarshen galabaita. Amma niyon da kori da sauran fa? Sannan ƙwayoyin da ke zaune a soson filta, masu cinye dattin kashin kifi, su ma iska suke buƙata, in filta ta tsaya awanni da yawa suna mutuwa, wuta na dawowa ta watso ruɓaɓɓen ruwa cikin tanki. In ɗaukewar ta yi tsawo a ciro soson a sa shi cikin tankin kansa, kar a ba da abinci ranar, kuma a nemi ƙaramin injin iska mai batir.

Direban_Kaneshie: Akwai mai USB ma, ina haɗa nawa da fawa bank yana kwana yana aiki

UmmuBilkisu: Madalla na gode. To hita mai ɗumama ruwa fa?

Kawu_Aboabo: Ku a Accra ba hita ce damuwarku ba, zafi ne. Gurami na son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28, watan Maris da Afrilu kuwa ɗakin da ke da rufin kwano ruwa na haura 30. Gurami zai jure, niyon ɗin ɗanNima ne nake ji, su sun fi son ƙasa da 26. Fanka ƙarama ta riƙa busa saman ruwa tana saukar da shi kaɗan. Mu nan Kumasi lokacin hunturu da asuba akan yi sanyi, ni ina rufe tanki da dare, domin iskar da suke haɗiya a sama ya kamata ta zama mai ɗumi da laima, musamman in akwai 'ya'ya. Kuma ko da zafi kar a bar tanki a buɗe fayau, a sa raga, suna tsalle.

Ustazu_Fadama: Allah ya saka wa mai tambaya da alheri da ya tsaya ya tambaya kafin ya saya. Duk dabbar da ka tsare amana ce a wuyanka, cinta da lafiyarta da zaman lafiyarta. Mun san hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba. Kifin da aka bari ana korarsa dare da rana har ya kasa cin abinci shi ma cutarwa ce. Sannan ina roƙo, wanda kifinsa ya gagare shi kar ya juye a kwata ko a rafi, ya kawo nan gida a samu mai karɓa.

Hajiya_Mamobi: Amin Malam. Kwatar ma wa zai rayu a cikinta

ɗanNima441: Amin. To jama'a na cire shuɗi da gwal da mai hoda. Dwaf ma Kawu ya tsorata ni. Saura honi da fal. Na koma shagon ɗazu na tambayi honi, ya nuna min wasu jajaye sosai ya ce red honi ne, sun ɗan fi yadda ƙanwarmu ta faɗa girma. Su ne?

ƊalibarLegon: Yi hankali yaya. Sau da yawa abin da ake sayarwa da wannan suna ba honi ba ne, mai kaurin leɓe ne, Trichogaster labiosa na ƙasar Myanmar, wato Bama, yana kai santimita 9. Wani lokaci ma jan dwaf ne ake laƙa wa sunan. Honi na gaskiya siriri ne ƙarami, ruwan ɗorawa ko ruwan zuma, macen kuma fari-fari mai ɗan ruwan ƙasa da layi mai duhu daga ido zuwa wutsiya. A shago ma yawanci ba su da kyan gani, a dushe suke don tsoro, sai sun zauna a gida kala ke fitowa. Turo hoto in ka koma, daga gefe, da haske.

MaiGilashi_Ashaiman: Amma fa in mai kaurin leɓen ne ni ban ga laifinsa ba. Kai da kake son mai ɗan jiki, ga shi tsakanin honi da fal, halinsa da sauƙi, kuma ya fi dwaf ƙwari nesa ba kusa ba. Namiji 1 mace 1 a lita 95 ya yi. Abin da ban so shi ne a sayar wa mutum abu da sunan wani abu.

Yaro_Madina: Ni tambayata gurami da faita, wato kifin faɗa da ake ce wa beta, za su zauna? Ina da faita ja a kwalba ina so in juye shi

Kawu_Aboabo: Kar ka soma. Dangi ɗaya ne, dukansu saman ruwa suke so, dukansu sheƙar kumfa suke yi, kowa na ganin ɗayan kishiya. Kuma fitar da shi daga kwalbar nan ka nema masa ko lita 20 ne shi kaɗai. Haka taiga bab, ƙananan kifin nan masu ratsin damisa, kar a haɗa su da gurami ko wane iri, zaren ƙirjin nan suke bi suna tsinkewa.

BabanZongoLane: Ni fa duk wannan na waje ne kuke ta magana. Muna da namu a ruwayenmu mai shaƙar iska irin haka, masu kamun kifi a Volta suna samunsa a raga, mai ruwan ƙasa-ƙasa. Me zai hana a riƙe namu?

ƊalibarLegon: Baba akwai shi, Ctenopoma ake ce wa jinsin, 'yan uwan gurami ne na nesa kuma suna da wannan sashen shaƙar iska. Sai dai mafarauci ne, bakinsa na buɗewa fiye da yadda kake zato, niyon da gufi abincin dare ne a wurinsa. A tanki nasa shi kaɗai ko da manya irinsa abin sha'awa ne.

BabanZongoLane: To ba na wannan tanki ba kenan. Amma wata rana a buɗe mana zance a kan kifayen gida

Anti_SabonZango: Komawa kan maganar ganye, ko honi ko fal ko wanne ka ɗauka, in tankin tsirara ne ba za ka ji daɗinsu ba. Nemi kainuwa ka zuba a sama, saiwarta na saukowa su riƙa ratsawa, a ƙarƙashinta namiji ke tara kumfarsa. Amma kar ta rufe ko'ina, bar musu fili su hau shan iska. In daga tafki ka ɗebo ka wanke ta ka ajiye a bokiti daban tukuna, tana zuwa da dodon koɗi da ƙwari. Busasshen ganyen abrofo nkate, wato itacen almon Indiya, ma ina sakawa ɗaya ko biyu, ruwan ya yi kalar shayi kaɗan, suna son haka.

MaiGilashi_Ashaiman: Ƙari a kan na Anti, rage ƙarfin filta. Kifin ruwa mai kwanciya ne, in ruwa na tunkuɗa su kullum a gajiye suke kuma kumfar ba ta tsayawa. Juya bakin filtar ya kalli gilashi. Sannan ka sa itace ko dogon ganye a tsakiya yadda wanda ke wannan gefe ba zai hango na wancan gefe ba, rabin faɗan gurami daga hango juna yake tashi.

Hajiya_Mamobi: Ruwan fa ku faɗa masa. Na famfo akwai kulorin, mu muna tara shi a galan ɗin Kufuor, jarkar nan mai ruwan ɗorawa, ya kwana a buɗe sannan mu sa maganin kulorin. Na rijiyar burtsatse kuma wani wuri a Accra gishiri-gishiri yake, a ɗanɗana kafin a zuba

Direban_Kaneshie: Wani ya ce min piya wata ya fi

MaiGilashi_Ashaiman: Kwata na tankinsa duk sati kusan lita 25 ne, leda 50 kenan, wa zai iya. Na famfo da maganin kulorin ya wadatar, honi ba shi da tsirfa a kan ruwa. Mai tsirfa shi ne cakulet gurami, wannan sai ruwa mai laushi da tsami, sabon shiga kar ya taɓa.

UmmuBilkisu: Honin zai ci 'ya'yan gufi?

Kawu_Aboabo: Zai ci wanda ya shiga bakinsa, sababbin haihuwa. Ga mai tankin nan ma taimako ne. Abin da zan ce ka lura da shi ɗana shi ne wajen ci, gufi rawar kai gare su, kafin honi ya gama duba abinci sun share. Ka zuba wa gufi a wannan kusurwa, ka zuba nasa a cikin kainuwa, ka murtsuke shi ƙanana don bakinsa ƙarami ne. In ka ga tsutsar sauro a wani ruwa da ya kwanta a gida ka kwashe da rariya ka ba su, ka zubar da ruwan, amma kar ka ajiye ruwa da gangan don tara ta. Kuma duk wanda ka sayo, ware shi a wani ƙaramin tanki ko roba mai tsabta sati 2 zuwa 4 kafin ya shiga cikin sauran.

ɗanNima441: Ga hoton nan na turo, na ɗauka ta gefe. Akwai wasu ƙanana masu ruwan ɗorawa a tankin ƙasa da ban lura da su ba jiya, su ma na ɗauka.

ƊalibarLegon: Na tankin ƙasan su ne honi, ga layin nan a jikin biyu daga ciki, mata ne. Na saman mai kaurin leɓe ne kamar yadda na zata. Ni har yanzu na ƙasan zan ɗauka, uku.

MaiGilashi_Ashaiman: Ni na saman, biyu. Amma kar ka haɗa iri biyun.

Anti_SabonZango: Ni kuwa cewa nake ka ba MaiGilashi aikin tanki mai ƙafa huɗu bayan sallah ka sa fal, ka bar wannan yadda yake. MaiGilashi gilashi mai kauri nawa ake sa wa ƙafa huɗu, 8 ko 10?

MaiGilashi_Ashaiman: Ya danganta da tsayinsa Anti. In bai wuce santimita 45 ba milimita 8 da maɗauri a sama ya isa, in ya haura haka 10 nake sawa. Kuma ya fara duba teburin da zai ɗora, da ruwa da yashi da gilashi nauyin zai wuce kilo 200.